Fitilar Mota Mai Ɗagowa Ta Ƙi Tashi: A Gyara Ta, A Sauya, Ko A Bar Ta A Buɗe?

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar motar tsere irin su Toyota Celica ta 1990, ko Honda Prelude ta 1988, ko Mazda MX-5 ta farko, ko Nissan 200SX, ya san cewa abin da ya fi jan idon jama'a a jikinta shi ne fitilun gaba, waɗanda suke kwance a cikin hancin motar da rana, sai an murɗa makunni su ɗago kamar wanda ya farka daga barci. Ya kuma san cewa ranar da ɗaya daga cikinsu za ta ƙi tashi tana nan tafe. Ni tawa ranar ta same ni a hanyar Zariya, na baro Jaji gab da magariba ina nufin Kawo ta Kaduna a cikin Celica ɗina: ta dama ta tashi, ta hagu ta tsaya a kwance, ko motsi babu. Washegari na nemi shawarar mutum uku, na samu amsa uku. Makanike ya ce a nemo na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar, a sauya, mai wayarin ya ce a buɗe a gani tukuna, mai gyaran bodi kuwa ya ce, "Malam, ka bari in ɗaure maka ita a buɗe ka huta." Kowannensu yana da hujja, kuma wanda bai san yadda abin yake aiki ba zai bi wanda ya fi iya magana ne kawai.

Wahalar samun kayan gyaran tana da dalili. An fara ganin irin wannan fitila a motar Cord 810 ta Amurka a ƙarshen 1935, inda direba yake juya wani hannu don ya ɗaga ta, ta kuma yi tashe sosai daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, har ta shiga motocin gida irin su Honda Accord ta 1986 zuwa 1989 da Mazda 323F. A 2004 aka daina ƙera Chevrolet Corvette C5 da Lotus Esprit, waɗanda su ne manyan motoci na ƙarshe masu irinta, saboda tsadar ƙira da ƙa'idojin kare masu tafiya a ƙasa da kuma fitowar ƙananan fitilu da suke zama daidai da hancin mota ba tare da an ɓoye su ba. Ma'ana, mafi ƙuruciya a cikin waɗannan fitilu ta haura shekara 20, yawancin na hannunmu kuwa sun wuce 30.

Yadda take aiki da inda take lalacewa

A bayan kowace fitila akwai ƙaramin injin lantarki da makanikai suke kira moto, ɗan uwan wanda yake juya waifa. Yana juya wani ƙarfe mai murɗe, shi kuma ya juya giya mai haƙora wadda galibi ta roba ce mai tauri, giyar ta juya hannu, hannun ya tura sanda, sandar ta ɗaga fitilar. A motocin Japan moton yana juyawa ɓangare ɗaya ne: rabin zagaye fitila ta tashi, wani rabin ta kwanta, kuma akwai farantin tagulla a jikin giyar da wasu 'yan yatsun ƙarfe suke gogawa, su ne suke yanke wuta idan an kai matsaya. A Corvette C5 dabarar daban ce, domin moton yana turawa har sai fitilar ta daki matsayarta, sannan wata na'ura ta ji wuta ta hauhawa ta yanke, abin da ya sa haƙoran giyarta suke saurin cinyewa a wuri ɗaya. Porsche 944 moto ɗaya gare ta da doguwar sanda mai ɗaga fitilun biyu tare, Corvette ta 1968 zuwa 1982 kuwa da zuƙar iskar inji take aiki, don haka matsalarta ta tiyo ce da ya fashe.

Kafin a zaɓi hanya ko a kashe ko kwabo, wajibi ne a saurari motar, domin alamar da ta nuna ita ce take rage zaɓin. Idan fitilun biyu sun ƙi tashi lokaci guda kuma ba a jin ƙarar komai, da wuya a ce moto biyu sun mutu a dare ɗaya. A duba fis, wanda a Toyota ake rubuta masa RTR, a Mazda kuma RETRA ko RETRACTOR, sannan a duba makunni da rile, wato ƙaramin makunnin da lantarki yake kunnawa. Idan ɗaya ce ta yi shiru, a duba soket ɗinta da wayar da aka ɗaure a jikin mota, wadda masu wayarin suke kira at, domin tsatsa a wannan noti ɗaya tana iya kashe moto mai ƙoshin lafiya. Idan ana jin moto yana gurnani amma fitila ba ta motsa ba, to ko sanda ta zame daga gurbinta, ko haƙoran giya sun cinye. Fitilar da take hawa da sauka ba ta tsayawa, ko take tsayawa a rabin hanya, farantin tagullarta ne ya yi datti ko wani dayod, ɗan abin da yake barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya ƙone. Wadda take tashi da ƙyar kamar mai ciwon baya, giris ne ya bushe ko maƙalarta ta yi tsatsa, ko kuma batir ya yi sanyi. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan inji yana kashe. Wadda ta tashi amma ba ta kama ba, wannan ba laifin moto ba ne: ko ƙwai ya ƙone, ko wayar da take lanƙwashewa duk lokacin da fitila ta motsa ta karye daga cikin rigarta.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan gaji da maimaita shi ba. A saman moton ko a ƙasansa akwai wani maballi da ake juyawa da hannu don ɗaga fitila idan lantarki ya ƙi, wani lokaci da hular roba a kansa, kuma shi ne ya kawo ni gida a daren nan. Amma kada a taɓa shi sai an cire kan batir ko an zare fis, domin da zarar an ɗan juya shi farantin yana iya haɗa wuta, moton ya zabura, hannun ƙarfen ya datse yatsa. Haka nan kada a kama murfin fitila a ja da ƙarfi, ko a sa sukundireba a ɓanɓare ta, domin giyar ba ta juyuwa ta baya. Abin da zai biyo baya shi ne lanƙwasasshiyar sanda da karyayyen haƙori.

Ma'aunan da za a duba

Abu biyar nake ɗora kowace hanya a kai. Na farko kuɗi, wanda ya haɗa da na kaya da na aiki da na zirga-zirga, tunda duk abin da ya shafi dala farashinsa yana sauyawa kafin a rufe baki. Na biyu ƙarko a irin yanayinmu na Kaduna, inda ƙurar hunturu take shiga kowace kafa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwan damina kuma ya biyo baya ya mayar da ita taɓo. Na uku sauƙin samu da tsawon lokacin da mota za ta yi a ajiye. Na huɗu haɗari, ga wayoyin motar da ga direba da dare da kuma ga wanda yake tahowa ta gaba. Na biyar, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne ko za a iya komawa baya idan an yi nadama, domin tsohuwar motar tsere darajarta tana cikin kasancewarta yadda aka ƙera ta.

Hanya ta farko: a buɗe na jikin motar a gyara

Wannan ita ce hanyar da na bi daga ƙarshe, kuma ita na fi tsayawa a kai domin ita aka fi rainawa. Da aka kwance moton Celica ɗina aka ɗora a kan faranti, abin da muka gani bai kai abin tsoro ba. Giris ɗin da aka sa tun daga masana'anta ya daskare ya zama kamar busasshen sabulu, ya haɗu da jar ƙura ya toshe tsakanin haƙora. Farantin tagullar ya yi baƙi ƙirin, ɗaya daga cikin 'yan yatsun da suke goga shi ya ɗan saki, ba ya taɓawa sosai. Giyar kanta lafiyarta lau. Aka wanke komai da kalanzir, aka goge farantin da sanfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, aka ɗan tanƙwara yatsan, aka sa sabon farin giris, aka rufe. Da aka jona batir, hannun ya juya rabin zagaye ya tsaya cak.

Ta fuskar kuɗi babu hanyar gyara ta gaskiya da ta kai wannan sauƙi, tunda yawanci kuɗin aikin yini guda ne da giris da ɗan abin da ba a rasa ba. Idan gawayin cikin moton, wanda yake kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ya cinye, masu wayarin suna samo na wani ƙaramin moto su goge shi ya zo daidai. Idan bushin ɗin robar da yake kan sanda ne ya farfashe, masu sassaƙa da inji a kasuwar Panteka suna iya fitar da wani daga roba mai tauri, kuma wannan ƙaramin abu shi ne yake hana fitila rawa a kan hanya mai gargada. Ƙarkon gyaran yana da kyau matuƙar an rufe murfin yadda ruwa ba zai shiga ba, kuma an mayar da hular robar. Moton da aka wanke aka sa wa sabon giris ya fi wanda ba a taɓa buɗewa ba tun shekara talatin, ko da daga ina ya fito.

Iyakar wannan hanya ita ce giya da kwayil, wato naɗin wayar tagullar da ke cikin moton. Idan haƙoran giya sun cinye, sai an samo wata, kuma a nan ne ake gardama tsakanin ta roba da ta tagulla da ake sayarwa ga motocin Amurka. Ta tagulla ba ta cinyewa da wuri, amma a ra'ayina masu ƙira sun sa roba ne domin idan abu ya cije ita ta fara karyewa, moton ya tsira. Wanda ya sa tagulla bai gyara maƙalar da ta yi tsatsa ba, ya matsar da ɓarnar ce zuwa wuri mafi tsada. Idan kuwa an buɗe aka ji ƙaurin ƙuna, aka ga wayoyin kwayil sun yi baƙi, naɗa sabo ga moto ƙarami irin wannan ba kasafai yake biyan wahalarsa ba.

Haɗarin hanyar yana hannun mai aikin ne. Wajibi ne a yi alama a kan hannun da sandar moton kafin a kwance, domin idan aka mayar da shi ya kauce da haƙori ɗaya, fitilar za ta riƙa tsayawa ba ta gama buɗewa ba, ko ta ƙi rufewa daidai da bonet. Kuma a tsaya a kan mai aikin game da fis. Kafin in samu wanda ya gyara mini, na fara kai motar wurin wani wanda da ya ga fis ya ƙone sai ya tuɓe waya mai kauri ya cusa a gurbinsa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta sake ƙonewa ba." Gaskiya ya faɗa, wayar ba ta ƙone ba, soket ɗin moton ne ya fara narkewa, da ban ji ƙauri na cire kan batir ba da labarin ya sha bamban. Fis ɗin da ya ƙone yana shaida cewa wani abu ya cije ko wayoyi sun haɗu, kuma dole a maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya da wadda aka rubuta a murfin akwatin. Duk abin da ya saɓa wa haka gyaran gangar Auzinawa ne.

Hanya ta biyu: a sayo na Beljiyam

Moton da aka ciro daga wata motar shi ne abin da yawancin makanikai suke fara ambata, kuma yana da amfaninsa: kayan masana'anta ne na asali, noti uku ko huɗu ne da soket ɗaya, cikin awa guda an gama ɗaurawa. Kuɗinsa ya fi na gyara, amma bai kai na sabo ba. Matsalar ita ce samuwa. Waɗannan motoci ba Corolla ba ne da ake tuntuɓe da kayanta. Mutum yana iya zagaye Panteka bai samu ba, a yi waya Kofar Ruwa a Kano, a yi waya Ladipo a Legas, kuma da zarar mai kaya ya gane cewa shi kaɗai yake da shi, farashin ya zama abin da ya ga dama.

Game da ƙarko, a tuna cewa moton Beljiyam sa'an wanda ya mutu ne, giris ɗinsa ma ya tsufa, wataƙila kuma ya yi shekaru a cikin ruwan sama a filin tarkace. Saboda haka shawarata ita ce ko an sayo shi a buɗe a wanke kafin a ɗaura, a lissafa kuɗin wannan aiki a cikin farashinsa. Kada a yi cinikin biri a sama: a tafi da tsohon a gwada su gefe da gefe, a ƙirga ƙafafun soket, a duba alamar hagu da dama domin a motoci da yawa ba sa musanyuwa, a juya maballin da hannu a ji ko yana tafiya sumul ba tare da tsalle ba, a jona batir a ga ya tsaya a matsayai biyun, sannan a yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaida. Wanda za a aiko masa daga Legas ya nemi bidiyon gwajin da hoton lambar da ke jikin moton kafin ya tura kuɗi.

Akwai wani tarko ga wanda ya sayi fitilar gaba ɗaya da gilashinta. Tun 1972 Najeriya take tuƙi a hannun dama, Japan da Ingila kuwa a hagu suke tuƙi, kuma gilashin fitilarsu an yanka shi ne ya ɗaga haske ta gefen hagu, wato bakin titinsu. A hanyarmu wannan hasken cikin idon mai tahowa yake shiga. Moton da ya fito daga can ba shi da laifi, amma gilashin a bar na motar, ko a nemi wanda ya fito daga Jamus ko Beljiyam ko Amurka.

Wasu masu wayarin suna ba da shawarar a sarrafa moton waifa a sa a gurbin. Ban goyi bayan haka ba, domin moton waifa matsaya ɗaya gare shi a zagaye, fitila kuwa biyu take buƙata, kuma ƙarin rile da wayoyin da za a yi don cike wannan giɓi su ne za su zama sabuwar matsala.

Hanya ta uku: a yi odar sabo ko wanda aka sabunta daga waje

Ga motocin da suke da masoya da yawa a duniya, kamar MX-5 da Corvette da Pontiac Firebird, har yanzu ana samun sabon moto ko wanda aka sabunta, da ƙunshin kayan gyara mai giya da bushin. Ga irin su Celica da Prelude abin ya fi wuya. Wannan hanya ita ce mafi tsada idan aka haɗa dala da kuɗin jirgi da na kwastan, kuma ita ce mafi jinkiri, tunda makonni ake jira. Idan aka yi kuskuren lamba, mayar da kaya daga Kaduna ya fi sayensa wahala. Ƙarkonta ya fi na kowa idan kayan na kirki ne, amma ba kowane sabo ne na kirki ba, domin akwai kwaikwayo mai araha wanda soket ɗinsa ba ya zama daidai, araha kuwa ba ta ado. Abin da na ga ya fi dacewa a nan shi ne a yi odar ƙananan kayan kawai, giya da bushin, masu sauƙin nauyi da kuɗin aike, a haɗa su da hanya ta farko.

Hanya ta huɗu: a bar ta a buɗe

Wannan hanya iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai nisa. Iri na farko shi ne a ɗaga fitilun da maballin hannu har su kai matsaya, sannan a cire soket ɗin kowane moto a naɗe shi da leda da salatif don kada ruwa ya shiga. Ba a kashe ko sisi ba, giyar mai murɗe za ta riƙe fitilar a sama, kuma ranar da aka samu hali a mayar da soket. Iri na biyu shi ne na walda, ko huda murfi a ɗaure da waya, ko cusa katako a ƙarƙashi. Wannan yana ɓata maƙala da fenti, yana hana saita haske, kuma wanda zai gyara daga baya sai ya sayi abin da da farko lafiyarsa ƙalau.

Ko da iri na farko ne akwai abin da ake rasawa. Gilashin yana fuskantar tsakuwar da manyan motoci suke watsowa a hanyar Abuja dare da rana, ƙura tana taruwa a ramin da fitilar take kwanciya, ana jin ƙarar iska idan an taka, kuma motar ta rasa siffar da aka saye ta dominta. Idan bushin ɗin sanda ya riga ya saki, fitilar za ta riƙa karkarwa, hasken yana rawa a kan kwalta, abin da yake gajiyar da ido a doguwar tafiya. Duk da haka, da a fita da ido ɗaya gara wannan sau dubu, domin mai tahowa yana ɗaukar mota mai fitila ɗaya a matsayin babur, ya matso tsakiyar hanya, kuma jami'an kiyaye haɗurra da na Kasteliya, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Jihar Kaduna, suna da hurumin tsayar da ita.

Hanya ta biyar: a cire ta a sa fitila tsayayya

Wasu suna cire tsarin gaba ɗaya su sa ƙananan fitilun zamani a ramin, a rufe da gilashi ko roba. Ribarta a fili take: babu moto, babu giya, babu abin da zai sake cijewa. Amma kuɗinta yakan kai na sabon moto ko ya wuce idan za a yi aiki mai kyau da fenti, wanda aka yi da araha kuwa ruwan damina yana taruwa a cikinsa ya yi gumi. Babban abin dubawa shi ne haske. Hancin motar tsere a ƙasa yake, dalilin ɗaga fitilar ke nan tun asali, don haka fitilar da aka kwantar a ramin ba ta hango nesa sai an ɗaga kanta, idan an ɗaga kuma ta kashe wa na gaba ido. Sau da yawa sai an yanke ƙarfe, wanda ba ya komawa, kuma mai sayen irin wannan mota fitilar ce farkon abin da zai ce a kunna masa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin samu | Haɗari | Komawa baya |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyaran na jiki | Kaɗan | Mai kyau idan kwayil da giya suna da lafiya | Yini ɗaya ko biyu | Yana ga ƙwarewar mai aiki | Ana iya |
| Na Beljiyam | Matsakaici | Sai an gwada, ya fi idan an wanke | Kwanaki, wani lokaci makonni | Sayen matacce ko na wani gefe | Ana iya |
| Oda daga waje | Mafi yawa | Mafi kyau idan na kirki ne | Makonni | Kuskuren lamba, kwaikwayo | Ana iya |
| Bari a buɗe, a cire soket | Babu | Na wucin gadi | Nan take | Tsakuwa, rawar haske | Ana iya |
| Bari a buɗe da walda | Kaɗan | Yana daɗewa, yana ɓarna | Awa kaɗan | Ba a iya saita haske | Da wuya |
| Fitila tsayayya | Mai yawa | Ya danganta da aikin | Kwanaki | Haske mara kyau, shigar ruwa | Galibi ba a iya |

Wace hanya ta dace da wa

Wanda fitilarsa take tashi da ƙyar, ko take tsayawa a rabi, ko take hawa da sauka, ko ta yi shiru amma maballin hannu yana juyawa sumul, ya fara da gyaran na jiki, kuma ya sa a wanke ɗaya gefen ma a rana ɗaya tunda shekarunsu ɗaya. Wanda aka buɗe nasa aka tarar kwayil ya ƙone ko gidan moton ya fashe, na Beljiyam ne nasa, bisa sharaɗin gwaji a gabansa da wankewa kafin a ɗaura. Wanda giyarsa kaɗai ta cinye, kuma motarsa tana cikin waɗanda ake ƙera wa kaya har yanzu, ya yi odar giyar da bushin, ya bar fitilun a buɗe da soket a cire har kayan su iso. Mai motar da yake adanawa don sha'awa, wanda ba ya fita da ita sai ranar hutu ko ranar biki, kuma yana da wata ta zirga-zirga, shi ne zai iya jiran sabon moto ba tare da ya takura ba, kuma shi ne bai kamata ya bari a kusanci motarsa da walda ba.

Wanda motar ita kaɗai gare shi, yana dawowa daga Kakuri ko Sabon Tasha bayan isha'i kowace rana, kuma aljihu bai ba da dama ba a wannan wata, ya ɗaga fitilun biyu da hannu ya cire soket, ya sa a canza bushin idan suna rawa, ya saita haskensu a jikin bango da dare, ya ci gaba da harkarsa har ya shirya. Fitila tsayayya kuwa na bar ta ga wanda gaban motarsa ya riga ya daku a haɗari, maƙalai da murafe da sanduna duk sun tafi, aka nema a Kaduna da Kano da Legas ba a samu ba. Shi ma ya nemi fitila mai yanke haske a sama yadda ya kamata, ya gwada ta a hanya mara fitilun titi, wani ya tsaya daga nesa ya gaya masa ko tana shiga ido kafin a yi fenti.